Tun da ekran ɗina ya koma ruwan ɗorawa bayan magariba

Ni dai aikina na dare ne, nan Tawa da rana zafi ba ya barin mutum ya zauna gaban kwamfuta, sai bayan isha'i nake buɗe ta in fara buga ma ɗalibai memuwar ɗinsu har ƙarfe ɗaya ko biyu. To matsalar ita ce in na kwanta barcin ba ya zuwa, jiki ya gaji tilis amma ido garau kamar na sha shayin fari a fada, ina ta juye-juye kan tabarma har wani lokaci in ji kiran assalatu.

Ƙanena ne ya leƙo wani dare ya ce "Yaya, wannan farin hasken ai shi ke hana ka barci", ya amshi linzamin ya shiga Paramètres na Windows, Système, wajen ekran, ya kunna Éclairage nocturne, wato saitin hasken dare. Nan take farin ya koma ruwan ɗorawa kamar hasken fitilar ƙwai. Daren farko wallahi ban ji daɗinshi ba, bayan kwana uku ido ya saba.

Ashe farin ekran cike yake da shuɗin haske, kuma a cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da suka fi jin shuɗin nan, su ke gaya ma ƙwaƙwalwa har yanzu rana ce, sai jiki ya jinkirta sakin melatonin, sinadarin da ke shirya mutum barci. Ekran na yau da kullum yana wajen 6500K ne a ma'aunin launin haske, launin hasken rana tsaka kenan, kai kuma kana zaune cikin ɗaki da duhu ƙarfe sha biyu. Windows 10 ya samu wannan saitin tun 2017, masu Mac nasu Night Shift ne, wanda na'urarshi tsohuwa ce kuma akwai wani logiciel mai suna f.lux, kyauta ne tun 2009, ka sa mishi garinku shi ke lissafa faɗuwar rana da kanshi.

Amma fa launi shi kaɗai bai wadatar ba, nan ne nake ganin mutane suna kuskure. Ni sai da na rage ƙarfin hasken sosai, na bar ƙaramin ƙwai kunne bayana, kuma na sa ma kaina doka awa guda kafin kwanciya kwamfuta a rufe, waya ma can nesa kan caji, sannan na ga canji na gaske. Raɗaɗin ido kuwa yawanci bushewa ce, mutum ba ya ƙifta ido sosai in ya ƙura ma ekran, ga fanka ga ƙurar hunturu.

Masu aikin hoto ku kashe wannan saitin kafin ku zaɓi launi. Katin biki na yi ma wata baiwar Allah da dare, da safe aka buga ya fito daban da abin da na gani, sai da na sake shi da kuɗina.