Yadda kuɗin biki ya haifi fim ɗin Rabi

Shagona yana Aboabo a nan Kumasi: ni da yara 2, kyamara 2, sai kwamfuta guda ta tace hoto. Biki da suna da maulidi ne abincinmu. Amma da azumi ya kama kasuwa takan kwanta, ba mai ɗaura aure, to a irin wannan zaman ne na rubuta labarin Rabi.

Uban Rabi ɗan ƙabilar Asante ne, ya rasu, uwarta Bahaushiyar Zango. Wanda ya san garin nan ya riga ya gane matsalar. A wajen Asante ɗa na dangin uwa ne, gado ma ta can yake bi. Mu Hausawa kuwa ɗa na uba ne. Kowane ɓangare sai ya miƙa ta ga ɗayan. Ranar da magabatan saurayinta suka zo tambayar asali da wanda zai ba da aurenta, ɗaki ya yi tsit. A kan wannan shirun na gina fim ɗin, minti 18.

Kwana 6 muka yi muna ɗauka, ban da Asabar da Lahadi, don waɗannan na masu biki ne, kuma su suka biya kuɗin aikin ba su sani ba. Hoto bai wahalar da ni ba, sauti ne ya sha mini kai. A kasuwar Kejetia, ko da sassafe ka je, hon ɗin trotro, wato motocin haya, zai cinye maganar. Dole muka sake naɗar muryoyi a shago, katifa jingine da ƙofa, muna addu'a kada a ɗauke wuta.

Gardamar da ta fi zafi ta harshe ce. Jarumar tamu Hausar Zango take yi, wadda ba ta raba namiji da mace, ta ce "uwana ya tafi". Wani abokina mai son finafinan Kano ya dage a gyara. Na ƙi. Yarinyar da ke neman sanin ko ita wace ce, sai in ara mata bakin wasu?

Da muka ɗora a YouTube, wasu 'yan Najeriya sun yi dariyar Hausar, ban ji haushi ba. Kuɗi dai bai dawo ba. Sai dai wata Hajiya daga Asawase ta aiko a kira ni, ta ce, "Ɗana, kai ka yi fim ɗin nan? To, kai za ka ɗauki bikin jikata." Na tambayi dangin uban amaryar don tsarin hotuna. Ta ce in bar wannan tukuna.