Gwaggo ce ta fara gamawa

Da na gama haɗa 'yar manhajar rajistar da nake aiki a kanta, sai na nemi mutum biyar su gwada min. Ba da ka na zaɓi biyar ba: tun shekarar 2000 Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya bayyana cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na wuraren da masu amfani ke tuntuɓe. Abin da na yi da ka shi ne rabon maki a zuci. Ƙanena mai shekara 19 na sa a gaba, Gwaggo mai 64 a can ƙarshe. Har na tanadi haƙurin da zan yi da ita.

Aikin ba yawa: a cike fom, a adana, a nemo takardar a turo min.

Ƙanen nawa ya cike fom kafin ƙiftawar ido, sannan ya tsaya cak. Alamar adanawa hoton faifan floppy ce, faifan adana bayanai na kwamfutocin da, abin da bai taɓa riƙewa ba. "Yaya, wannan akwatin na mene ne?" Da ya adana kuma, ya rasa inda takardar ta shiga, don waya ba ta taɓa sa shi neman folda ba.

Gwaggo kuwa ta gyara tabarau tana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Na sha'afa ta yi shekaru tana buga takardu a ofis. Tana ganin faifan ta yi dariya, ta ce a kan irinsa suke ajiye aikin wata guda. Maɓallin turawa ne ya ba ta wuya, ɗan mitsitsi, ruwan toka a kan fari. Sau uku yatsanta na kuskurewa.

"Ɗan nan, yi haƙuri, kan ne ya tsufa," in ji ta.

Maganar ta tsaya min a rai, domin ƙanen ma sau biyu ya kuskure maɓallin, amma shi cewa ya yi, "Abin nan naka ba ya aiki." Da na auna, shi ke da gaskiya. Kamfanin Apple na ba da shawarar wurin dannawa ya kai ma'auni 44 tsawo da faɗi, nawa bai kai 30 ba, launin ma bai cika bambancin haske na 4.5 da 1 tsakanin rubutu da bayansa da WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa shafukan intanet ga kowa, ta tanada ba.

Da dare na buɗe littafina, na ga abin da na rubuta lokacin gwajin. Gefen sunan Gwaggo na rubuta "ba ta gane ba", gefen na ƙanena "alamar ba ta fito ba". Kunya ta kama ni, ni da nake yawan ba mutane labarin mata shidan da suka tsara wa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, aiki a 1945.

Na ƙara wa maɓallin girma, na rubuta "Adana" a ƙarƙashin faifan. A fom ɗin masu gwaji na gaba na goge gurbin shekaru da jinsi, na sa tambaya ɗaya: da wace na'ura aka saba aiki?