Takardar da aka karanta a zaure ba ita ce ke shiga kundi ba

Aikin tace kundin takardun taro ba ya farawa sai an watse. Mahalarta sun kama gabansu, edita kuma an bar shi da tarin maƙaloli a kwamfuta, kowace da salonta.

Ana ganin babbar wahalar ita ce daidaita manazarta, kuma lallai akwai aiki a nan. Wannan ya bi tsarin rubuta manazarta na APA, wancan ya bi na Chicago, wani ya gauraya su. Tun 2019 da bugu na 7 na APA ya fito aka daina rubuta garin da aka buga littafi a wannan tsari, amma har yau rabin abin da ke zuwa hannuna na kan tsohon tsari. Sai ka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ka tarar an ambaci aiki a cikin rubutu da wata shekara, a jerin manazarta kuma da wata daban. Wannan duk haƙuri ke maganinsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tambayoyin da ke ɓacewa. Mutum ya gabatar da takardarsa cikin minti 20, wata malama daga bayan zaure ta ɗaga hannu ta nuna masa cewa bayanan da ya tattara ba su isa ɗaukar hukuncin da ya yanke ba. Ya gyaɗa kai, ya ce zai duba. Bayan watanni takardar ta iso yadda take, ko waƙafi bai motsa ba. To, ina amfanin taron ke nan? Shi ya sa nake zama da littafin rubutu a zaure, ina ɗaukar irin waɗannan tambayoyi, in haɗa su da sharhin masu tantancewa in mayar wa marubuci. Wasu kan ji haushi. Waɗanda suka zauna suka amsa kuwa, babinsu ne ke riƙe kundin.

Kafin takarda ta je ga mai tantancewa, wanda bai kamata ya san marubucinta ba, cire sunan marubuci daga shafin farko bai wadatar ba. Manhajar rubutu ta Word na ajiye sunan a bayanan fayil, kuma yana bayyana a gefen duk wani gyara da aka yi. Sai an share can ma.

Ba na jera babi-babi bisa jadawalin taro. Idan mutum biyu sun yi saɓani a kan batu guda, ina sa su kusa da juna, in faɗi dalili a gabatarwa.

Bayan ISBN, lambar shaidar littafi wadda ta koma lambobi 13 tun 2007, nakan matsa wa maɗaba'a ta ba kowane babi DOI nasa, wato lambar gano shi a intanet, domin mai bincike babi ɗaya yake nema a intanet, ba kundin gaba ɗaya ba.