Kafin ka sayi babban faranti, ƙirga haƙora

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, samari da dama suka koma ɗaura wa keke injin lantarki. Tambayarsu ta farko ita ce nawa yake gudu, ta biyu kuma ko babban faranti, wato mai haƙoran nan na wajen feda da sarƙa ke hawa, zai ƙara masa. Ni ma da wannan tunani na shigo, na zuba kuɗi inda bai kamata ba. To ƙannena, ku saurara kafin ku nufi shagon mai kayan keke.

Ka fara sanin irin injin da ke hannunka. Akwai wanda yake zaune a cibiyar taya, akwai wanda ake ɗaurawa a tsakiya wajen feda, irin Bafang BBS02 ko Tongsheng TSDZ2. Na cikin taya ba ruwansa da sarƙa. Da irinsa na fara, na je na canza farantin gaba ina jiran keke ya tashi sama, ko kilomita ɗaya bai ƙaru ba. Abin da na samu kawai shi ne ƙafata ta daina juya feda a banza. Gudun wannan inji abu biyu ne ke yanke shi: ƙarfin batir da girman taya. Ɗauki injin da ke juyi 260 a minti da batir mai volt 36. Tayar inci 26 tana cin kusan mita 2.07 a juyi ɗaya, wato kilomita 32 a awa ke nan. Mayar da shi tayar inci 20, zai sauko wajen 24, amma ya fi jan kaya. Ba shi volt 48, juyinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, in har kwantirolarka, wato na'urar da ke daidaita wutar da batir ke ba inji, an yi ta don ɗaukar hakan. In ba haka ba, hayaƙi za ka gani.

Na tsakiya shi ne giya take yi wa aiki, domin ta sarƙa yake tura keke kamar yadda ƙafarka take yi. Lissafin ba wuya. Raba haƙoran farantin gaba da na baya, ka ninka da juyin inji a minti, ka ninka da zagayen taya, sannan ka ninka da 60 ka raba da 1,000 don samun kilomita a awa. A ce injin yana juyi 100 a minti, gaba haƙora 46, baya 14, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a yawancin kekuna masu araha. Kilomita 41 za ka samu. Baya ya koma 11, ya zama 52. Gaba ya koma 52, takarda ta ce kusan 59.

A nan takarda ta yaudare ni, bayan na koma injin tsakiya. Giya ba ta haifar da ƙarfi, rabonsa kawai take yi tsakanin gudu da ja. Abin da ke tsayar da keke a shimfiɗaɗɗen titi iska ce, kuma ƙarfin da ake buƙata don keta ta yana hauhawa fiye da yadda hankali ke zato: in ka ninka gudu sau biyu, sai ka ninka ƙarfin sau takwas. Daga 40 zuwa 50 kaɗai kusan ninki biyu ne. Tashi daga haƙora 46 zuwa 52 ƙarin kashi 13 cikin ɗari ne a gudu, amma yana neman ƙarin ƙarfi sama da kashi 40. Injin wat 750 daga ina zai samo? Da na sa mai 52, gudun ya tsaya inda yake, wajen 45 da ɗan wani abu, ranar da iskar hunturu ke bugun ƙirji ma har raguwa yake yi.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Injin lantarki yana son juyi da sauri. In ka danne shi da giya mai nauyi, juyinsa ya ragu, sai ya dinga zuƙar wuta da yawa, kuma kaso mai yawa na wutar zafi yake zama. Ka haɗa wannan da ranar watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Cikin BBS02 akwai wani haƙorin giya na roba mai tauri, shi ne ya fara cinyewa, batir kuma ya daina kai ni inda ya saba. Mai gyara da ya buɗe ya ce, "Yallaɓai, kai a babbar giya kake tashi ko?" Haka ne kuwa. Duk mai tuƙa mota ya san ba a tashi a giya ta huɗu, amma da yake injin keke ba ya kuka, sai mutum ya ɗauka lafiya lau yake. Ka sauke giya kafin ka tsaya a danja, ka sauke kafin hawa gada, kuma ka sassauta wuta duk lokacin da za ka canza, in ba ka son sarƙa ta tsinke.

Wancan ƙaramin mai haƙora 11 ma kada ka mayar da shi gidan zama. Haƙora biyar ko shida kaɗai sarƙa ke kamawa a kansa, su ke ɗaukar duk ƙarfin injin, ga yashin hanya yana taya su ci. Ba a jimawa sarƙa za ta fara tsalle. A ganina, mai tayar inci 26 da ke yawo cikin gari da kaya ko goyo, faranti mai 44 ko 46 ya ishe shi har da saura.

Sai birki, wanda ba mai tambaya a kai. Gudu in ya ninka biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa, kuma birkin roba mai matse wili ba don kilomita 50 aka yi shi ba. A Tarayyar Turai injin keke yana daina taimako a kilomita 25, a Amurka kuwa 32 ko 45 gwargwadon rukuninsa, su da ba akuya ba rami a titunansu kamar namu. Kuɗin babban faranti gara su tafi ga birki mai faifai.

In abokinka ya nuna maka allon kekensa yana rubuta 60, ka ce ya buɗe saiti ku ga girman tayar da aka shigar. In an sa 29 alhali tayar 26 ce, allon zai ƙara masa kusan kashi goma cikin ɗari. Ku kunna GPS na waya ku sake gwadawa.