Baƙin hunturu a Aberdeen

A birnin Aberdeen da ke arewa maso gabashin Sikotland, rana ba ta fitowa a watan Disamba sai wajen ƙarfe tara saura kwata, kuma kafin uku da rabi na yamma ta faɗi, ta yadda mai aikin kula da tsofaffi irina yakan fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, azahar da la'asar da magariba duk su riske shi a bakin aiki. Gine-ginen garin na dutse ne mai ruwan toka, sararin sama ma haka yake wuni. Maƙwabcin da muke haɗa matakala da shi bai taɓa tambayata sunana ba, iyakarmu ɗaga kai.

A ƙarshen Nuwamban 2023 na biya wani babban kanti sayen shinkafa da man girki, sai na tarar da cincirindon mutane a wurin ajiye motoci, kowa ya ɗaga kai sama, wasu da tabarau mai hangen nesa, wasu da kyamarori masu dogon baki a kan ƙafafu uku. A wurinmu, idan ka ga taro haka, ko dai haɗari aka yi ko an kama ɓarawo. Na matsa, na gaishe su da murya sosai kamar yadda aka rene ni, na tambayi ko lafiya. A daidai lokacin wani garken tsuntsaye ya tashi daga kan bishiyoyin da ke gefen shinge. Wani dattijo mai jar hula ya juyo, ya ɗora yatsa a leɓe ya yi mini tsit, kamar yaron da ya yi surutu a masallaci, sauran kuma suka bi ni da harara. Babu wanda ya amsa gaisuwar.

Har yau abin yana ci mini rai, domin ba muryata ce ta kore su ba. Tsuntsun da suke kira waxwing ya shahara da rashin tsoron mutane. Motoci suna wucewa ta ƙarƙashinsa, ana tura kekunan kaya suna ƙara, bai damu ba. Ɗabi'arsa ce ya sauko garke guda, ya haɗiyi 'ya'yan itace cikin gaggawa, ya tashi ya koma kan doguwar bishiya ko eriyar talabijin, can an jima ya sake saukowa. Kafin in gama tsayuwar kunya sun dawo. Mutanen nan sun fi ni sanin haka nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya ga ya dace ya ce mini in yi haƙuri.

Wata tsohuwa ce ta miƙo mini tabarau ɗinta ba tare da ta ce komai ba. Gaskiya tsuntsun yana da kyau. Bai kai kurciya girma ba, jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne mai laushi da ɗan sirkin ja, yana da tukku a ka, baƙin zane ya ratsa idonsa kamar an ja masa kwalli, maƙogwaronsa baƙi, bakin wutsiyarsa rawaya, sannan akwai 'yan ɗigo jajaye masu sheƙi a fiffikensa. Kukansa siriri ne mai kaɗawa. Na ga ɗaya ya tsinko jan ɗan itacen da ake kira rowan, ya riƙe shi a baki na ɗan lokaci, sannan ya haɗiye shi ɗungurungum, ya kai wa na gaba cafka.

Daga bakinta na ji cewa a dazuzzukan Finland da arewacin Rasha da maƙwabtansu suke hayayyafa, kuma ba kowace shekara suke zuwa da yawa ba. Sai shekarar da 'ya'yan itace suka yi ƙaranci a can bayan tsuntsayen sun hayayyafa sosai, sannan yunwa ta koro su, su tsallako teku su sauka a gabar gabas, shi ya sa Aberdeen take cikin garuruwan da ke fara ganinsu. An yi irin wannan kwararowa a hunturun 2010 da na 2012 da na 2016, sai kuma wannan. Akwai ma wata ƙungiya, Grampian Ringing Group, da ke kama su ta sanya musu zobba masu launi a ƙafa, domin idan aka hango tsuntsun a kudancin Ingila bayan wata biyu a san daga inda ya biyo. Wasu daga cikin 'yan kallon tafiyar sa'o'i suka yi a mota cikin wannan sanyi. Wato dai baƙon da yunwa ta koro daga ƙasarsa ana yi masa tururuwa, ana rubuta ranar isowarsa, ana bin sawunsa gari-gari, matuƙar yana da fiffike.

Da ta tambaye ni daga ina nake, na ce daga wajen Haɗejiya, ban zaci za ta gane ba. Sai ga shi ta ambaci Nguru da kanta. Ta san fadamar Haɗejiya da Nguru a littattafai, ta san agwagin ruwa da sauran tsuntsayen Turai da ke cika ta a lokacin ɗari, ta san Dagona, inda aka keɓe wa tsuntsayen ruwa mafaka. Ta ba ni labarin wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya ragu ƙwarai a Birtaniya a 1969, aka yi ta neman dalili, daga baya aka gano farin da aka yi a yankin Sahel ne ya hallaka su. Na ji kaina ya kumbura. Na lissafa mata shamuwa da ke zuwa da albishirin damina, da gauraka, da ɗinya, da zalɓe, da belbela mai bin shanu, dattijon nan mai jar hula yana gefe yana saurare, ni kuwa ban ko dube shi ba.

Da dare na kira gida, na tura wa ƙanena hoton ya nuna wa Baba. Baba ya ce, "To, su waɗannan me suke ci?" Na ce 'ya'yan itacen da ba mai amfani da su. Ya ce, "Allah ya ba su lafiya, ka ce su zo su kwashe namu." Namu da yake nufi jan-baki ne. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kacalla ta mamaye fadama ta toshe hanyoyin ruwa, a cikinta kuma jan-baki ke kwana, su fito da asuba garke-garke su faɗa wa shinkafa tana nono. Baba ya haura shekara saba'in, amma har yanzu yakan fita gona tun da duku-duku, ya ja igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. Yaran da ake ɗauka korar tsuntsu yanzu sai an biya su kullum, ga abincin rana.

Inna ta karɓi wayar, ita ba ruwanta da tsuntsu. Ta tambaya ko ina sa rigar sanyin da kyau, ko na samu masu gaisawa, na ce mata na samu. Ta ce auren Hadiza an sa shi bayan ƙaramar salla, kuma rufin ɗakin Baba yana bukatar kwano kafin ruwa ya sauka. Na yi alkawarin idan albashi ya shigo ƙarshen wata zan turo, a fara cire kuɗin masu korar tsuntsu na noman rani, abin da ya rage a sayi kwanon, maganar kayan ɗaki kuma mu bar ta sai watan Janairu.