TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 17: Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Assalamu alaikum. Makon jiya na ce zan ɗora daga komawata gidanmu na Gangare a Jos bayan rasuwar Malam, to ku yi haƙuri, ba shi za ku samu ba yau. Shekaranjiya ina gyaran durowa na ci karo da wata hular saƙa ruwan ƙasa, wadda na saya wa Maman Iman a kasuwar Taminus lokacin da gashinta ya zube, na zauna bakin gado da ita a hannu har aka kira la'asar. Shekarun da ke tsakani ku bar su kawai, ba komai ciki sai sayar da atamfa da bin bashi.

Maman Iman dai kun san ta, matar Autanmu. Shekararta 28 lokacin, Iman na aji ɗaya, ƙaramin kuma yana nono. Bayan ƙaramar sallar 2022 ta ja ni ɗaki ta ce Yaya taɓa nan ki ji. Wani ƙullutu ne a maman hagu can ta wajen hammata, kamar ƙwallon dabino, tauri gare shi, ba ya motsi kuma ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ya yaudare mu. Ni da bakina na ce nono ne ya kwanta, ki dinga gasawa da ruwan ɗumi.

Da ya ƙi tafiya sai Auta ya kai magana wajen Kawu a Unguwar Rogo, don tun da Baba ya rasu ko akuya ba a sayarwa a gidanmu sai ya sa baki. Ina wajen, ni na kawo musu shayi ma. Kawu bai tambayi girman abin ba, bai tambayi tun yaushe ba, yana jan carbinsa ya ce in ma daji ne, to daji ba ya son ƙarfe, ranar da allura ko wuƙa ta taɓa shi ranar zai watsu a jiki. Ni da duk Gangare aka sani da baki, na ajiye tire na fita ban ce uffan ba. Wannan shirun shi ke hana ni barci har yau.

Aka haɗa su da wani mai magani can wani ƙauye ta hanyar Toro. Jarka bayan jarka ta jiƙo, da wani baƙin abu mai wari da ake shafawa. Wata biyar cur. Duk abin da Auta ya samu a harkar kabeji da karas ɗinsa a Farin Gada can yake tafiya.

Watan Oktoba na shiga ɗakinta ba sallama, tana canza riga. Fatar wajen ta koma kamar ɓawon lemu, kan nonon ya shige ciki, ga kaluluwa a hammata. Washegari ban shawarci kowa ba na tare keke muka nufi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo. Likitar wata yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta duba ta ce tun yaushe? Muka kalli juna. Aka yi sikanin, aka sa wata allura mai kauri aka ɗebo tsoka aka kai lab, wallahi lokacin da allurar ta shiga maganar Kawu ce ta faɗo mini, ƙafafuna suka yi sanyi. Na kasa daurewa na tambaye ta. Ta ce Hajiya ba allura ke watsa shi ba, zaman gida ne, mutane sai abu ya gama cin jiki suke zuwa, in aka yi aiki mutum ya rasu sai a ce wuƙa ce. Sakamako ya fito, sankarar mama ce, har ta taɓa hammata.

Aka ce kemo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, za a fara kafin tiyata don ƙullutun ya motse. Duk kwana 21 sau ɗaya, kuma sai an gwada jini tukuna, in ya yi ƙasa a ce ku koma gida ku dawo. Akwai wani ja a cikin magungunan, har fitsarinta sai ya koma ja, ranar farko ihu ta yi daga bayi ta ɗauka jini ne. Yaron dole aka yaye shi rana ɗaya don maganin na bi ta nono, ni na ɗauke shi, ga sanyin Jos na Disamba, kwana uku yana kuka yana laluben ƙirjina ina ɗura masa kunun gyaɗa da cokali. Bayan kamar sati biyu gashi ya fara biyo mataji, Iman ta tsince shi a kan filo ta kawo mini a hannu tana tambaya ko Umma aski ta yi.

Inna Allah ya jiƙanta kullum cewa take zumunta a ƙafa take. A ciwon nan na ga fassararta. Gurup ɗin danginmu na WhatsApp mutum nawa ne a ciki, kullum Allah ya ba da lafiya da hoton hannu ana addu'a, na gode, addu'a ba ƙaramin abu ba ce, amma wa zai kai Iman makaranta ranar kemo? Wa zai wanke bokitin amai? Wata Ngo ce, 'yar Birom da ke da rumfa kusa da ta Auta, duk ranar da muka dawo daga asibiti sai ga ta da kular gwate mai yakuwa, don ta lura abu mai tsami kaɗai ke zama a cikin yarinyar. Ba ta taɓa cewa in kuna buƙatar wani abu ku faɗa ba, zuwa take ta ɗau tsintsiya. Ɗan maƙwabcinmu kuma wata shida yana kai Iman a mashin bai karɓi sisi ba.

Sai ga wahalar canjin kuɗi a Fabrairun 2023, kuɗinka na banki amma ba ka da na keke, ka yi tiransifa ta maƙale, ni da shekaruna na yi layin POS tun asuba saboda kar ranar kemo ta wuce. A cikin wannan halin Kawu ya aiko a gaya mana tunda an sa mata ƙarfe shi ba ruwansa. Daga Unguwar Rogo zuwa Gangare fa, ko a ƙafa ka zo.

Bayan ƙaramar sallah aka cire maman. Daren da za a shiga da ita ta riƙe mini hannu ta ce Yaya tsakaninki da Allah, zai ƙara aure ko? Na ce ki bari ki fito tukuna. Da safe na gaya wa Auta a baranda, bai ce komai ba, ya juya ya fuskanci bango. Satin nan ya sa filinsa na Rikkos a kasuwa.

Kuɗin filin shi ya kai mu Abuja gashi, wato gasa wajen ciwon da hasken na'ura, a Babban Asibitin Ƙasa, kuma daidai an cire tallafin mai kuɗin mota ya haukace. Mu gangara Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, tana jingine da ni na tare mata gefen ɗinkin da filo. Muka sauka wajen 'yar Goggo a Mararaba. Litinin zuwa Juma'a kullum, shi gasawar 'yan mintoci ne a kan na'ura, amma cunkoson Nyanya sai ya cinye mana safiya ɗungurungum.

Yanzu alhamdulillahi gashin kanta ya fito, har ya fi na da laushi. Tana shan tamoxifen, maganin rage haɗarin dawowar ciwon, ƙwaya ɗaya kullum, an ce aƙalla shekara biyar, hannun hagun kuma ba a yi mata allura ko awon jini a nan saboda kumburi. A bikin 'yar Yaya Babba ina ji da kunnena Kawu na gaya wa mutane ai jiƙon nan ne ya kashe kaifin ciwon, asibiti ƙarasawa kawai suka yi. Na buɗe baki, Maman Iman ta taka mini ƙafa.

Watan jiya ƙanwarta da ke aure a Bukuru ta kira ni da dare, murya na rawa, wai ita ma ta ji wani abu a maman dama. Na ce mijinki ya sani? Ta ce eh. Na ce wani babba ya sani? Ta ce a'a. Na ce to ƙarfe shida ki shirya, ina zuwa da keke.