Yadda nake sayo injinan kafinta daga birni su iso ƙauye lafiya

Kwalin da kamfani ke saka inji a ciki an yi shi ne don tafiya a tsaye, a jere da 'yan uwansa cikin kwantena, ba mai jifa da shi, ba mai ɗora masa buhu. Daga Legas zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000, kwalin yakan jure. Inda yake gazawa shi ne daga tasha zuwa ƙofar shagona, domin a nan ne kaya ke sauya hannu sau uku ko huɗu: ɗan dako ya sauke, a tura a kura, a jefa bayan a-kori-kura, sannan a bi hanyar burji mai kwazazzabai. Shi ya sa in zan sayi inji, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Legas, wannan guntuwar tafiya ta ƙarshe nake yi wa shiri.

Ƙananan injinan hannu, irin su na huda, na goge katako da rauta (mai sassaƙa ado a gefen katako), ba su cika ba ni wahala ba in suna cikin akwatinsu na roba. Na cusa tsumma ko soso har su daina motsi a ciki, na naɗe akwatin da salatif, shi ke nan. Damuwata tana kan manyan: zarto mai tebur, zarton yankan kwana, injin daidaita kaurin katako, injin miƙe gefen katako, da kwamfireso, wato injin iska.

Teburin wasu daga cikin waɗannan injina ƙarfen zubi ne, wanda masu walda ke kira kas. Yana da nauyi, ba ya girgiza lokacin aiki, amma ba ya lanƙwasa. In ya bugu, tsagewa yake yi, kuma waldarsa sai gwani, ko an yi ma da wuya teburin ya dawo sumul. Alminiyam kuwa akasin haka ne: jingar da katako ke bi a jikinta takan lanƙwashe kaɗan, ido ba zai gani ba, amma duk katakon da ka yanka zai fito a karkace. Wuri na uku da ke lalacewa shi ne mazaunin mota, wato motar lantarkin da ke juya injin. Motar injin tana rataye ne a kan noti uku ko huɗu, kuma duk lokacin da taya ta faɗa rami, nauyinta na fizgar wannan mazauni kamar ana dukansa da guduma. Na taɓa buɗe zarto mai tebur, kwali lafiya lau, ko kwarzane babu, na tarar kunnen da ke riƙe motar ya tsage rabi. Abin da ya nuna mini shi ne wani siririn layi a jikin fenti, kamar gashi.

Ba na barin mai shago ya aiko da inji yadda ya zo daga kamfani. Ina biyan kuɗin akwatin katako daban, ina kuma faɗa masa yadda za a yi shi dalla-dalla. Firam na katakon tu-bai-tu, jiki filawud mai kaurin milimita 12, ƙasa kuma a sa tu-bai-fo biyu a kwance don hannu ya shiga a ɗaga, ruwan ƙasa kuma kada ya taɓa shi. Abin da ya fi komai muhimmanci: a ɗaure injin da ƙasan akwatin da noti. Kusan duk zarton kwana da injin daidaita kauri suna da huji a ƙafafunsu na ɗaurewa a benci, waɗannan hujin za a bi. Injin da ke yawo cikin akwati mai ƙarfi ya fi wanda ke cikin kwali shan wahala, domin jikin katako yake duka. Tsakanin inji da bangon akwati a bar kamar santimita 5 a cike da soso. Tsohuwar katifa tana yin aikin.

Kafin a rufe, a kwance duk abin da ya leƙo waje. A cire faifan zarto a sa shi tsakanin kwali biyu, don haƙoransa masu tauri ne amma bugu ɗaya da ƙarfe ke ɓantare su. A cire jinga, da hannuwan juyawa, da murfin kariya na roba, a naɗe kowanne shi kaɗai. Zarton kwana a danne kansa ƙasa a sa makullin, a ƙara matse notin da ke hana shi zamewa gaba da baya. Injin daidaita kauri a sa guntun falanki da soso a kan teburinsa, a sauko da kan injin, inda wuƙaƙen suke, har ya zauna a kai, don kada nauyin kan ya yi ta lilo a kan sandunan da ke ɗaga shi. In motar injin tana fita cikin sauƙi a cire ta a ɗaure daban, in ba ta fita a tokare ƙarƙashinta da katako. Notoci da ƙananan sifana a ƙulle a leda a ɗaure a jikin injin, ba a zuba su a akwati ba. Noti guda da ya shige cikin fankar mota ya isa ya karya fukafukanta ranar da aka fara kunnawa.

Da damina ina sa a shafe teburin kas da giris a rufe da leda. Kwana biyu cikin laima sun isa tebur ya yi ja da tsatsa. In ya iso, kananzir da tsumma ke wanke giris ɗin.

A tasha, abin da nake roƙon direba uku ne, kuma ina ƙara masa wani abu a kan kuɗin mota don ya yarda. Akwatin ya zauna gaba, jikin kan mota, ba bayan tayar baya ba inda tsalle ya fi yawa. A shimfiɗa tsohuwar taya a ƙarƙashinsa. Kada a ɗora masa komai, domin buhun siminti ko taki kilo 50 ne, kuma ba ɗaya ake ɗorawa ba. Rubuta "nan ne sama" a jiki yana da kyau, amma ɗan dako mai sauri ba ya tsayawa karatu, don haka nake buga hannuwan igiya a gefe biyu ta yadda ɗaukarsa a tsaye ya fi sauƙi. Babur kuwa ba na ɗora masa abin da ya wuce injin hannu. Ƙaramin injin daidaita kauri, irin Makita 2012NB, yana kusan kilo 28, kuma igiyar roba da ɗan acaɓa zai ja a kansa murfin take matsewa. In inji ya zo ba akwati, kada ka bari a ɗaga shi ta teburinsa. Injin miƙe gefe musamman, in an kama fukafukan teburinsa biyu aka ɗaga, sun bar layi ke nan.

Ranar da kaya ya iso ba na sallamar direba sai na buɗe, waya tana ɗaukar bidiyo tun daga cire ƙusar farko. Ina duba roba ko akwai inda ta yi fari, alamar ta sha matsa. Ina bin kas da tocila, musamman kusa da noti. In na yi shakkar wani layi, sai in shafa kananzir, in goge tas, in barbaɗa garin alli. In tsaga ce, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya jiƙa allin, layin ya fito ɓaro-ɓaro. Daga nan, ba tare da wuta ba, in juya sandar faifan da hannu. Ya kamata ta tafi sumul. In tana ƙugi ko tana cijewa a wuri guda, boris ya bugu.

Sai awo, wanda mutane da yawa ke tsallakewa. A zarto mai tebur, ina mayar da faifan, in yi wa haƙori ɗaya alama, in auna tazararsa da kwararon da ke jikin tebur a gaba, in juya wannan haƙorin baya in sake aunawa. In bambancin ya kai rabin milimita, injin ya goce a hanya, zai riƙa ƙona katako, kuma yana iya cillo shi baya ga mai aiki. Yawanci ana gyara wannan da sassauta notocin ƙarƙashin tebur a daidaita. Abin da ba ya gyaruwa shi ne lanƙwasar sanda: na kafa fensir dab da gefen faifan in juya a hankali, in yana taɓawa yana saki, sai in sauya faifai in sake gwadawa, in har yanzu haka ne, sandar ce. Zarton kwana, sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, ce ke faɗin gaskiyarsa. Injin daidaita kauri kuma ina tura siraran katako biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, in haɗa su in shafa da yatsa. In ɗaya ya fi kauri, kan ya karkace.

Akwai ɓarnar da ake ɗora wa hanya alhali ba ita ba ce. Wutarmu volt 220 zuwa 240 ce, injinan da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa 120 suke ci, kuma suna shigowa cikin kayan gwanjo. Ina sa a turo mini hoton farantin bayanai da ke jikin motar injin kafin in biya. Ƙaramin janareta ma ba ya tayar da zarto mai wat 1,800, zai yi ta gurnani har kwayil ya yi zafi. Kwamfireso in ya zo a kwance, mai ya bi inda bai kamata ba, don haka a tsayar da shi ya kwana, a duba ma'aunin mai, sannan a kunna. Batir a cire shi daga jikin inji, a rufe bakinsa da salatif, kada a bar shi a rana saman kaya. Wanda ya lotse ko ya kumbura ba na cajinsa, balle a shagon da ke cike da garin katako.

Garantin kamfani aibin ƙira yake ɗauka, ba ruwansa da abin da ya faru a mota. Takardar tasha ma yawanci shaidar karɓar kaya ce kawai. Saboda haka tun kafin in tura kuɗi muke gama magana da mai shago a rubuce ta WhatsApp: zai kunna injin a gabansa ya ɗauki bidiyo lambar jikinsa tana fitowa, zai ɗauki hoton yadda aka ɗaure shi kafin a rufe akwati, kuma in na samu matsala zan sanar da shi a ranar da kaya ya iso. In ya yarda, ina riƙe wani kaso na kuɗin sai na gama awo. Akwatin kuma ba na fasa shi in yi benci sai injin ya yi mako guda yana aiki, domin in ta kama a mayar, a cikinsa zai koma.